Mun Cinye Dandali, Mun Koma Muna Zagin Yara

Wata ranar Alhamis bayan la'asar muna zaune a bencin da muka saba zama, kusa da mai shayi, sai ga ƙwallo ta taso daga lungu ta dira a tsakiyar teburin mai tsire. Yaji ya tashi, tsinke biyu ko uku suka faɗi ƙasa. Mai tsiren bai ce uffan ba. Ya ɗauki ƙwallon, ya dubi yaran da suka yi cirko-cirko a bakin lungun, ya sa wuƙar da yake yanka albasa ya farke ta gida biyu, ya wurga musu. Mu da ke kan benci muka bushe da dariya. Har ɗaya daga cikinmu ya ɗaga murya ya ce, "Maganinku ke nan, marasa aikin yi."

Ƙwallon ta roba ce, irin mai arha. Daga baya muka ji ashe karo-karo suka yi, wannan ya kawo hamsin, wancan ɗari, daga kuɗin tara da ladan aike, har suka haɗa. Ƙaraminsu, wanda bai wuce shekara tara ba, shi ya zo ya tsince ɓarin biyu. Bai yi kuka ba. Ya tsaya gabanmu ya ce, "To Baba, a ina za mu yi? Can an kore mu, nan ma an kore mu." Wani ya ce masa ya je ya ɗauki allonsa. Yaron ya ce ai yau Alhamis. Aka sake yin dariya, muka koma hirarmu ta farashin dala.

Bayan mako uku babur ya kaɗe shi. Tun da aka hana su lungu sai suka koma gefen babban titin da ya nufi Mokola, don can babu teburin kowa. Ƙwallon da suka ɗaure da leda da tsumma ta gangara kan kwalta, ya bi ta da gudu, ɗan okada ya ɓullo daga bayan wata Micra. Ƙashin cinya ya karye. Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba. Mun je jaje, mun cika zaure, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. An zagi ɗan okada, an ga laifin uwar yaron da ba ta tsare shi a gida ba, an tsine wa zamani. Babu wanda ya tuna da maganar wuƙa da ƙwallo, ko kuma kowa ya tuna ya yi shiru. Mu dai mun tuna, shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Mu haifaffun Sabo ne, wasunmu har iyayensu a nan aka yanke musu cibiya. Ba za mu yi muku ƙaryar cewa a zamaninmu akwai filin wasa mai lilo da katanga ba. Babu wanda ya taɓa zama ya ware mana wuri. Sarari ne kawai yake nan ba a riga an ci shi ba. Ƙofar gida tana da faɗi. Tsakanin gida da gida akwai inda akuya za ta kwanta, yara goma su yi da'ira. Akwai kangaye, akwai bayan makaranta. Waɗanda suka girme mu kuwa har yau ba su gaji da ba da labarin filin sukuwa ba, inda yanzu filin wasa na Adamasingba yake. Mu gefe-gefensa muka tarar, kuma ya ishe mu.

In wata ya yi fari, ko NEPA ta ɗauke wuta (wannan ya fi farin wata yawa), unguwa ta yara ce har sai an fara kiran sunaye daga cikin gidaje. Maza suna langa, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle, ana ture-ture a kan wa zai kai ruwa gida. Ana a-sha-ruwan-tsuntsaye, ana ɓuya, ana kokawa a kan yashin ginin wani Alhaji har ya fito da dorina. 'Yan mata suna can gefe da gaɗarsu, tafi yana tashi, ɗaya ta faɗa baya sauran su cafe ta. Da rana carafke da 'yar gala-gala. Lokacin agwaluma ba a yar da ƙwallayenta, dukiya ce, ana cin juna da su. Muna tura gare da tsohuwar taya daga bakin masallaci har kusa da Mokola. Muna ƙera mota da gwangwanin madara da tsohon silifa. Muna jera marafan kwalba a ƙasa mu raɗa musu sunaye, wannan Odegbami, wancan Muda Lawal, mu yi gasar da ta fi ta Liberty zafi a wurinmu. In azumi ya kai goma kuwa, sai tashe, gida-gida, har gidajen da ba su jin abin da muke faɗa amma suna ba mu kwabbai.

Wani zai ce to, labarin da ne, kowa da ƙuruciyarsa. Haka ne. Amma akwai abu biyu da dandali ya yi mana waɗanda sai mai zaman Kurmi zai gane nauyinsu.

Na farko harshe. Yawancin Hausar da ke bakinmu ba a ɗaki muka same ta ba. Yaran da ake kawowa karatun allo daga Kano da Katsina da Sakkwato, da 'ya'yan fatake da ke sauka a gidajen iyayenmu, su suka zo mana da langa da ka-cici-ka-cici da tatsuniyoyin Gizo, su suka riƙa yi mana dariya in mun karkace magana har muka miƙe ta. Mu kuma muka koya musu Yarabancin da za su sayi amala ba a cuce su ba. Ba wanda ya biya kuɗin wannan makaranta. Yau muna kuka wai Hausar 'ya'yanmu ta zama gauraye, rabi Turanci rabi Yarabanci, har mai hali yana tura nasa Arewa hutu don a gyara musu baki. Yaro yana koyon magana ne wajen gardama da sa'o'insa, a kan ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba. Wanda ke zaune shi kaɗai da waya a ɗaki, da wa zai yi gardamar?

Na biyu maƙwabta. A fili muka san yaran Mokola da na Ekotedo. Sun koya mana suwe da boju-boju, ƙannenmu mata suka ɗauko ten-ten daga wajen nasu. Mun yi faɗa, ba ma musu, an fasa goshi an yaga riga. Amma mun san sunayen juna, mun san gidajen juna, iyayensu mata sun ba mu ruwa mun sha. A watan Fabrairun 2021, da rikicin kasuwar Sasa ya tashi, gari ya ɗau zafi, jita-jita ta cika waya, ɗaya daga cikinmu ya ce kiran farko da ya samu ba daga Kano ya zo ba. Wani Bayarabe ne da suka yi shekaru ba su haɗu ba, wanda ya taɓa ɗirka wa dutse a kan fanareti, ya kira yana tambaya ko iyali lafiya, ko ya zo ya kwashe yara zuwa gidansa. Irin wannan sanayya ba a taron zaman lafiya na otal ake ƙulla ta ba. 'Ya'yanmu na yanzu, in ka cire waɗanda suke aji ɗaya a boko, wane ɗan Bayarabe suka sani har gida?

Sararin nan ba rana ɗaya aka cinye shi ba, kuma ba baƙo ne ya zo ya cinye ba. Mu ne. Wannan ya ja shago ɗaya daga jikin katanga. Wancan ya ajiye kwantena wai na ɗan lokaci, yau shekara goma sha. Aka haƙa burtsatse aka kafa tanki, aka yi wa janareto keji, aka kafa rumfar canji, aka kawo teburin POS. Wanda Allah ya buɗa wa ya sayi mota, ba shi da gareji, ƙofar gida ta zama garejinsa, kuma kaiton yaron da ƙwallonsa ta taɓa gilashin. A cikin gida ma haka. Tsakar gidan da muka yi rarrafe a ciki an yanka ta ɗaki uku, abin da ya rage ɗan siririn lungu ne da igiyar shanya da murhun gawayi da bokitai.

Akwai dalili, kuma gara mu faɗe shi yadda yake. Tun da aka kafa Sabo a 1916, aka tattaro Hausawan da ke warwatse cikin garin Badun aka ba su wannan wuri, gida a nan jari ne. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kan unguwar nan a 1969, kuma abin da ya fi jan hankalinsa ke nan: mai gida a Sabo shi ne mai masaukin fataken shanu da na goro, yawan ɗakunansa shi ne yawan baƙinsa, yawan baƙinsa shi ne ƙarfinsa a kasuwa da girmansa a unguwa. Shanu sun bar nan tuni, cinikin goro ba kamar da ba, amma lissafin yana nan a kanmu: taku biyar na ƙasa ɗaki ne, ɗaki kuma haya ce. Ga jama'a ta ƙaru. Shekarun nan da rashin tsaro ya addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato da Barno, 'yan'uwa sun yi ta gangarowa, kuma ba mu ga laifin wanda ya ƙara ɗaki don ya saukar da ɗan ƙanensa ba.

Inda muke ganin laifinmu daban ne. Sama da shekara 100 muna nan, amma har yanzu zaman baƙunta muke yi. Bakinmu kullum "in mun koma gida". Mutum zai tara kuɗi a Ibadan ya gina bene a Kano ko Gusau wanda ba ya kwana a ciki sai da salla, wani lokaci sallar ma ba ya zuwa, alhali 'ya'yansa takwas suna wasa a bakin kwata a nan. Baƙo ba ya shuka itace, ba ya ware fili, don gobe zai tafi. Kakanninmu sun ce gobe za su tafi, ga kaburburansu nan. Iyayenmu sun ce haka, mun binne su a nan. Yaran nan da muke kora daga lungu zuwa lungu ba su san wani gida ba bayan Sabo. Mun yi wa baƙon kwana uku tanadin ɗaki da tabarma da buta, ɗan gida da zai yi ƙuruciyarsa kaf a nan ba mu bar masa inda zai miƙe ƙafa ba.

To ina suke zuwa? Ai yaro ba ya fasa wasa don an hana shi wuri, sai dai ya nemi wani. Masu ƙarfin hali suna titi, tsakanin okada da keke da Micra. Tun da aka yi gadar sama ta Mokola a 2013 motar da ta sauko ba ta san da wani yaro ba. Wasu suna hawa rufin gini da ba a gama ba suna tashin fanfilo. In ruwa ya sauka, za ka gan su tsirara cikin kwata suna tseren jirgin takarda, a garin da kowa ya san abin da Ogunpa ta yi a 1980 da abin da ambaliyar Agustan 2011 ta yi. Ruwan kwatar Ibadan in ya taso ba ya tambayar shekarun mutum.

Sauran kuma suna cikin duhun gidan gem, ana biyan kuɗi ana buga ƙwallo da yatsa. Daga gidan gem zuwa gidan kallo taku kaɗan ne, daga gidan kallo zuwa shagon caca ƙofa ɗaya ce. Yaron da bai samu inda zai buga tasa ƙwallon ba, yana shekara goma sha uku ya iya sa kuɗi a kan wadda wasu ke bugawa a Ingila. Mun san uban da ya gano ta nan kuɗin cefane ke zurarewa. Ya yi duka, ya yi kuka, bai dai tambayi kansa inda yaron zai je tsakanin azahar da la'asar ranar da babu makaranta ba. Waya kuwa, mu daina munafunci, mu muke miƙa musu. In yaro ya dame ka da tsalle-tsalle a ɗaki ɗaya da mutum bakwai ke kwana, ka ba shi waya ya yi shiru, ka samu ka runtsa. Gobe ka zo benci kana cewa waya ta lalata yara.

'Yan mata su suka fi kowa asara, kuma su ba a ma jin kukansu, don ba sa fasa gilashin kowa. Namiji ko banza zai fita ya yi ta gararamba. Yarinya daga makaranta sai wanke-wanke, sai reno, sai talla. Yaushe rabon da ku ji tafin gaɗa a Sabo? Ku tambayi 'yar shekara goma a gidanku ta yi muku waƙar gaɗa ɗaya tak. Wata gwaggonmu ta ba mu labarin jikarta da ta zana 'yar gala-gala da gawayi a barandar gidan haya, ta fara tsalle ke nan matar ɗakin kusa ta fito ta ce za ta kifar mata da man suya, aka sa yarinyar ta ɗebo ruwa ta wanke zanen. Matar ba ta yi ƙarya ba, akwai kasko a kan wuta. Yarinyar ma ba ta yi laifi ba. Gwaggo ta ce, "Ni da na yi gaɗa har aka kai ni ɗaki, ga jikata ko tsalle ɗaya ba ta da wurin yi."

Ku lissafa ranar yaro a unguwar nan. Da safe boko, a kan benci, har ƙarfe biyu. Yawancin makarantun kuɗin da muke kai su gidajen haya ne aka mayar azuzuwa, babu ko filin taron safe. La'asar Islamiyya, a kan benci ko tabarma. Bayan magariba allo. Daga nan barci. Ba mu ce a rage karatu ba, Allah ya kiyaye, mu ma da shi aka raine mu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla awa ɗaya kowace rana yana motsa jiki sosai, irin wanda zai yi gumi ya yi haki. Dokar haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003, a sashe na 12, ta sa hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro, haka ma sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989. Mun san dokar takarda ba ta share fili. Mun kawo ta ne don wanda yake ganin maganar wasa maganar marasa abin yi ce.

Da muka fara tayar da zancen a benci mun sha suka, kuma ba duka ne na banza ba.

Wani malaminmu, mutumin kirki, ya ce, "Ku dai kuna son ku buɗe wa yara ƙofar shiririta. Lokacin da za su yi tilawa za su tafi guje-guje." Muka ce, Allah gafarta Malam, ai daga bakinku muka ji cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana kuma ƙawayenta suna zuwa su yi wasa a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai hana ba. Daga bakinku muka ji ya yi tsere da ita, kuma jikansa ya hau bayansa yana sujada ya jinkirta ɗagowa. Kuma wa ya ba almajirai hutun Alhamis da Juma'a in ba malamai ba? Malam ya yi murmushi ya ce shi dai sharaɗinsa a tashi da kiran salla. Muka ce mun karɓa.

Wani Alhaji ya kawo wadda ta fi nauyi. Ya ce duk filin da aka bari a buɗe a unguwa irin tamu, kafin wata uku 'yan ƙwaya sun mayar da shi majalisa, masu shara sun mayar da shi juji, mai gyaran babur ya kafa rumfa. Gaskiya ya faɗa, mun gani da idonmu. Filin da ba shi da mai shi haka yake ƙarewa. Amsar ita ce a yi masa mai shi, ba a fasa ba. Masallatanmu a buɗe suke dare da rana, me ya hana a mayar da su juji? Akwai ladan, akwai kwamiti, akwai idon jama'a.

Sai masu cewa aikin gwamnati ne. To, a je Agodi Gate a gaya wa ƙaramar hukuma, a gaya wa kansila, mu ma za mu raka. Lokacin zaɓe ai sun san hanyar Sabo. Amma mu dubi abin da ke ƙasa. Filin Adamasingba, wanda aka buɗe a 1988 aka sa masa sunan Lekan Salami daga baya, an gyara shi a 2021 ya yi kyau ƙwarai, muna alfahari da shi in Shooting Stars suna wasa. Sai dai fili ne na ƙwararru da masu tikiti, ba inda ɗan shekara bakwai zai shiga da silifa ya yi langa ba. Lambun Agodi yana nan, an farfaɗo da shi a 2014, amma sai ka biya kuɗin mota ka biya na ƙofa, ka ninka da yawan 'ya'yanka. Wurin zuwa ne da salla, a ɗau hoto a dawo. Shi kansa lambun, a ƙarshen 2023 sai da mutanen gari suka fito zanga-zanga a kan sare itatuwan gefensa don gina gidaje. Cin sarari ba ciwon Sabo kaɗai ba ne, Ibadan duka tana fama da shi. Bambancin, mu namu ya riga ya kai ƙashi.

Akwai kuma masu kuɗi da 'yan siyasa da in ka yi musu maganar yara sai su ce za su shirya musu biki, a kawo lilo na haya da kiɗa da shinkafa a leda, rana ɗaya. Allah ya saka. Amma tun abin da ya faru a Basorun a Disambar 2024, inda yara 35 suka rasu a turmutsitsin wani bikin yara da aka yi alkawarin raba kuɗi da abinci, jikinmu ya yi sanyi da irin wannan taro. Allah ya ba iyayensu haƙuri. Abin da yaro ke bukata ƙaramin wuri ne kusa da gida, inda uwarsa za ta leƙo ta gan shi, wanda zai je yau ya koma gobe ba tare da an raba komai ba.

Yanzu ga inda maganar ta tsaya. Duk wanda ke bin bayan layinmu ya san kangon nan da ruwa ya rushe shekarun baya, wanda magada suka kasa daidaitawa a kansa, wasu suna nan wasu suna Arewa. Rigimarsu ta zama rahama ga yara, don shi ne sarari na ƙarshe da ya rage a wannan ɓangare, duk da fasassun kwalabe da tarin shara a kusurwa. Mun auna shi da ƙafa, taku talatin da 'yan kai a tsaye, ashirin a kwance. To magada sun daidaita. Akwai mai son saye ya jera shaguna. Mun je mun sami babbansu, muka ce, "Kawu, ba mu ce ku ba da kyauta ba, haƙƙinku ne, akwai marayu a ciki. Ku ba mu haya ta shekara biyu, mu gwada." Dattijon ya yi shiru, ya ce shi ma a wannan layin ya yi gare. Ya ce zai riƙe 'yan'uwansa zuwa bayan babbar salla, in mun zo da kuɗi a hannu a yi magana, in ba mu zo ba kada mu ga laifinsa.

Ba lilo muke nema ba, ba siminti ba. A kwashe shara da kwalabe, a zuba yashi tifa biyu, a kewaye da waya don ƙwallo ta daina fita, a sa fitila mai sola guda. A samu dattijo ɗaya cikin waɗanda ƙarfinsu ya ja baya, a riƙa ba shi ɗan abin goro duk wata, ya riƙe makulli. Wanda ya wuce shekara goma sha biyar ba shi da wuri a ciki, ya tafi inda manya ke yi. Kwana biyu a mako na 'yan mata ne su kaɗai, da wata uwa zaune a bakin ƙofa, in ba haka ba maza za su mamaye kamar yadda suka saba. Ana kiran magariba a rufe.

Kango ɗaya ba zai ɗauki yaran Sabo ba, mun sani. Shi ya sa muke roƙon masu makarantun da ke da ɗan fili su daina garƙame shi daga ƙarfe biyu har wayewar gari. Kuma kowane layi yana da lungun da za a iya sa benci biyu a bakinsa daga la'asar zuwa magariba, babur ya zagaya. Kada wani ya ce ba a tare hanya. Mu da muke tare titi sukutum don ɗaurin aure da walima da maulidi, mu kafa rumfa mu jera kujeru tun safe, ba wanda ya taɓa cewa ba shi yiwuwa. In gobara ta tashi a shagon ɗan'uwa, kafin isha an zagaya da takarda an haɗa abin da aka haɗa. Hannunmu ya saba da karo-karo, yaran nan ma a wajenmu suka gani har suka sayi ƙwallonsu.

Yaron an kwance masa ɗori, yana takawa da sanda, ƙafar ta ɗan gajarta amma mai ɗorin ya ce ƙashin yaro ne, zai miƙe. Kullum da yamma yana zaune a kan bulo a bakin kangon, an ba shi usur, shi ne alƙalin wasa, kuma an ce ba ya da sauƙi.

Takardar karo-karon tana wajen mai shayi. Wanda ya fara sa hannu mai tsiren nan ne. Ya ce shi ba don Allah ya sa ba tukuna, don ƙwallo ta bar teburinsa ne, in ya so ladan ya biyo baya. Zuwa daren da muka kai wannan rubutu, suna goma sha ɗaya ne a jiki, abin da aka tara bai kai rabin hayar shekara guda ba, ga salla saura wata biyu da kwanaki.